Jini ya ƙi tsayawa bayan kaciya: ciwo ne ko hannu aka sa?

Maman Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Ku yi mini afuwa, zan ɗan ja zance, don raina ba a kwance yake ba. Makon jiya da sanyi ya shigo aka yi wa Sadik kaciya, shi da 'ya'yan ƙanin maigida su biyu, duk a gida nan Rikkos, cikin Jos. Waɗancan har sun fara zarya a tsakar gida. Shi kuwa nawa jini ya ƙi tsayawa. Ba wai tsartuwa yake yi ba, a'a, yana ɗan tsattsafowa ne kawai, a ɗaure ya jiƙe, a sake ɗaurewa ya jiƙe, har kwana biyu. Da muka ga tafin hannunsa ya yi fari fat sai muka tafi asibiti, aka yi ɗinki, aka ƙara masa jini. To likitan ya yi mini wata tambaya da har yanzu take yawo a kaina. Ya ce, a danginki ta wajen uwa akwai namijin da jini ya taɓa yi wa haka? Wallahi sai da gabana ya faɗi. Yayana ya rasu yana shekara 7 bayan an cire masa haƙori, aka ce mayu ne suka kama shi. Kawuna kuma har ya bar duniya gwiwarsa a kumbure take, yana ɗingishi. Likita ya rubuta mana gwaji, ya ce yana zargin himofiliya. Ni ban taɓa jin sunan ba. Uwar mijina kuwa ta ce daga gidanmu na kwaso musu. Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Sannu 'yata, Allah ya ba shi lafiya. Ki daure, maganar surukai ba a biye mata a irin wannan lokaci.

Sista Rifkatu: Sannu Maman Sadik. Kafin masu dogon bayani su zo, ga abin da za ki riƙe daga yau har gwaji ya fito. Kar a ba shi asfirin, kar a ba shi ibufurofen ko dikulofenak, don suna ƙara sa jini ya zuba. In zazzaɓi ne ko ciwo, farasitamol. Kar a kai shi kemis a tsira masa allura a ɗuwawu. In ya faɗi ya bugu a kai, ko da kin ga yana wasa, ki ɗauke shi zuwa asibiti. Shekara 22 na yi a ɗakin yara, na ga abin da allurar kemis ɗaya take jawo wa irin waɗannan yaran.

Ɗan Wanzamai: To ga shi nan, na san ƙarshenta a kanmu za a sauke. Kakana wanzami, babana wanzami, sun yi wa dubban yara a Gangare da Dilimi ba abin da ya faru.

Sista Rifkatu: Ɗana, wa ya ambaci wanzami? Yara uku aka yi wa da aska ɗaya, biyu sun warke. Ai wannan ma shaida ce cewa ba hannun mai yi ba ne, jikin yaron ne. Ko a tiyata aka yi ba tare da an sani ba, haka za ta faru.

Mai Gwajin Jini: Wa alaikumus salam. Yaya, ni aikina ke nan, a ɗakin gwaje-gwaje nake, amma ba zan yanke hukunci ta waya ba sai sakamako ya fito. Bari dai in faɗi yadda abin yake. In mutum ya yanke, akwai wasu sinadarai a cikin jini da suke miƙa wa juna aiki, wannan ya tada wancan, wancan ya tada na gaba, har a samu gudan jini ya toshe wurin. Kamar masu miƙa bulo ne a wurin gini, in mutum ɗaya ya fita daga layi, aiki ya tsaya. An ba su lambobi. Wanda ba shi da isasshen na 8, shi ne mai himofiliya A, ita ta fi yawa, kusan namiji 1 cikin 5,000 da ake haifa. Wanda ya rasa na 9 shi ne mai B, ita ta fi ƙaranci sosai. Za a fara da gwajin da ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, in ya yi tsawo sai a auna sinadarin kansa. In bai kai kashi 1 cikin 100 ba, mai tsanani ce. Daga 1 zuwa 5 matsakaiciya. Sama da haka zuwa 40 mai sauƙi, wani ma sai ya girma bai sani ba, sai ranar da aka yi masa tiyata.

Kuma abin da ya fi cin yaran nan ba yanka ba ne. Zubar jini ne a cikin gaɓoɓi, gwiwa, idon sawu, gwiwar hannu. Yau ta kumbura, gobe ta saɓe, jibi ta sake, har gaɓar ta lalace. Labarin kawunki da kika bayar, ni shi ya fi tsaya mini.

Maman Sadik: Innalillahi. Bara gwiwar Sadik ta taɓa kumbura, muka kai shi wurin mai ɗori ya murza ta, yaron nan ya kwana yana ihu. Ga tabo baƙi-baƙi da yake yi a jiki, ina ta yi wa yayyensa faɗa wai suna dukansa.

Mai Gwajin Jini: Murza ita ce abu mafi muni. Hutu, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a ɗaga ƙafar, a tafi asibiti.

Baban Walid: Ni dai tambayata, wannan ba irin abin da auren zumunci ke kawowa ba ne? Kamar sikila?

Mai Gwajin Jini: A'a, hanyarsu daban. Sikila sai uwa da uba duk sun ba da gudummawa. Wannan kuwa a kan ƙwayar gado ta X take. Mace tana da X biyu, in ɗaya ta samu matsala ɗayar takan rufa mata asiri. Namiji X ɗaya gare shi, kuma daga uwarsa ya samo. Shi ya sa mace ke ɗauke da ita, ɗa namiji ke fama. Kowane ciki na ɗa namiji, rabi da rabi ne. Namiji mai ciwon kuma ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Sannan kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita ba wanda ya taɓa yi a danginsu, a kansu ta fara.

Baban Walid: To ashe uwar mijin ba ta yi ƙarya ba ke nan.

Hajiya Babba: Kai Baban Walid, ka ji tsoron Allah. Mace na cikin tashin hankali kana ƙara mata? Ita ta zaɓa? A kasuwar Taminus ta sayo?

Baban Walid: Hajiya a gafarce ni, ba haka nake nufi ba.

Malam na Gangare: Bismillah. Bari in sa baki a nan. Kalmar "kwaso" ita ce kuskuren. Abin da Allah ya sanya a halittar mutum tun yana cikin mahaifiyarsa ba laifinsa ba ne, kuma ba a zargin bawa a kan abin da ba shi da iko a kai. Kuma ciwon ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan tiyata na Ƙurɗuba a Andalus, kimanin shekara 1,000 da suka wuce, ya rubuta labarin wasu mutane da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni. Bai ce mayu ba ne, bai ce sammu ba ne. Ya lura, ya rubuta. Mu ne muka bar lura muka koma zargin maƙwabta.

Injiniya daga Ingila: Allah gafarta malam, a ƙara da wannan a kai wa surukar. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ma tana ɗauke da ita. Ɗanta Liyofold ya rasu a 1884 yana ɗan shekara 30 bayan ya zame ya faɗi. Ta hanyar 'ya'yanta mata ciwon ya shiga gidajen sarautar Sifen da Jamus da Rasha. Ɗan sarkin Rasha na ƙarshe ma da shi ya yi fama. Ba wanda ya ce a kore ta daga fada.

Amma ni abin da nake so in faɗa wa Maman Sadik shi ne, yanzu ba zamanin yayanki ba ne. A nan inda nake, yaro mai himofiliya yana zuwa makaranta, yana iyo, yana hawa keke. Akwai allura mai suna Hemlibra da aka amince da ita a Amurka a 2017, ta masu A ce. Ba a jijiya ake yin ta ba, a ƙarƙashin fata ne, sau ɗaya a mako, ko a mako biyu, ko ma a wata. Ba sinadari na 8 ba ne, wani abu ne aka ƙera da yake tsayawa a gurbinsa ya haɗa na 9 da na 10 su ci gaba da aiki. Sannan ga wanda ya fi wannan: maganin ƙwayar halitta. Ana ɗaukar wata ƙwayar cuta da aka cire wa dafi, a ɗora mata lafiyayyar ƙwayar gado, a sa wa mutum ta ƙarin ruwa sau ɗaya tak, ta je hanta ta sauke kayanta, hanta ta fara yin sinadarin da kanta. Na masu B, Hemgenix, ya fito a 2022. Na masu A, Roctavian, Amurka ta amince da shi a 2023.

Baban Walid: Nawa?

Injiniya daga Ingila: Hemgenix dala miliyan 3.5.

Baban Walid: Hahaha. Yallaɓai, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wajen naira biliyan 5 fa ke nan. Ko an sayar da Rikkos da Unguwar Rogo har da awakinsu ba za a haɗa ba. Ni irin wannan labarin ɓata mini rai yake yi wallahi. Mace tana neman kuɗin gwaji kana ba ta labarin biliyoyi. Ci gaban da ba zai zo ƙofar gidana ba, ina ruwana da shi?

Maman Ummi: Ni a nan ina bayan Baban Walid. 'Yata sikila ce, shekararta 11. A ƙarshen 2023 aka yi ta yaɗawa wai an samu maganin sikila, Casgevy, Ingila ta amince, Amurka ta amince. Dangi suka yi ta turo mini kamar gobe za a raba a Filato. Da na bincika, dala miliyan 2.2, kuma sai an ba mutum maganin da zai ƙone ɓargonsa tukuna irin na masu ciwon daji, wanda zai iya hana haihuwa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, amma a can ake kiranta cutar da ba kasafai ake samu ba, a can kuma maganin yake. Ni abin da ke riƙe da 'yata haidiroksiyuriya ne da folik asid da gidan sauro, shi ma wani watan sai na ci bashi.

Injiniya daga Ingila: Ban musa ba. Amma ku tuna da maganin ƙanjamau. Wajen shekarar 2000 kuɗinsa na shekara ɗaya ya kai dala 10,000, ana cewa ba na Afirka ba ne. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a dala 350. Yau a Jos kyauta ake karɓa. Dashen ɓargo ma da sai an fita waje, amma a 2011 aka yi na farko ga mai sikila a asibitin koyarwa na Benin, kuma yanzu ana yi a Legas. Abin da ya fito yau da tsada ba nan zai dawwama ba.

Baban Walid: Ƙanjamau miliyoyi ke da shi, duniya ta tsorata, shi ya sa. Wa zai karya farashi saboda yaro ɗaya cikin dubu biyar? Ni ɗan kasuwa ne, kayan da ba su da masu saye da yawa ba sa araha.

Mai Gwajin Jini: Ku biyun kowa na da gaskiya ta wani gefe, amma kun wuce inda matsalarmu take. Na farko, maganin ƙwayar halittar nan na manya ne, 'yan 18 zuwa sama, ko da kuɗin a hannu ba za a yi wa Sadik ba. Ko a can ma ba rububinsa ake yi ba, har Pfizer ta daina sayar da nata a 2025 saboda ƙarancin masu nema. Na biyu, abin da ya kashe yayan Maman Sadik ba rashin dala miliyan 3 ba ne. Rashin sanin sunan ciwon ne. Da an sani, ba za a cire haƙorin nan haka kawai ba. In ka lissafa yawan mazan Najeriya da wancan 1 cikin 5,000, ya kamata a ce muna da dubbai masu yawa. Waɗanda ke rubuce a takarda 'yan kaɗan ne. Sauran ina suke? Wasu sun tafi ranar suna, wasu ranar kaciya, aka ce kwana ne ya ƙare.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu abin da ke isowa. Akwai ƙungiyar masu himofiliya ta duniya da aka kafa a 1963, hedikwatarta na Kanada, tana karɓar gudummawar magani daga kamfanoni tana rabawa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A nan gida ta hannun ƙungiyar masu himofiliya ta Najeriya, Haemophilia Foundation of Nigeria, da sashen kula da cututtukan jini na manyan asibitocin koyarwa ake bi. Amma ba a ba wanda ba a gwada ba, ba a ba wanda ba ya cikin rajista. Shi ya sa nake cewa gwajin nan shi ne ƙofa. Yaya, ki nemi a tura ku wurin likitan jini a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo, kar ku tsaya a ƙaramin asibiti.

Sista Rifkatu: Ga kuma taranekzamik asid, tsohon magani ne mai araha, yana taimakawa sosai a jinin baki da haɓo. Amma likita ne zai rubuta, ba a ba wanda ke fitsarin jini. Rigakafi kuma kar a fasa, a gaya wa mai yi ne kawai, akwai yadda ake yi musu.

Hajiya Babba: Ni tsorona ƙarin jinin nan. Yau a ƙara, gobe a ƙara, kar a je a kwaso wani ciwon.

Injiniya daga Ingila: Hajiya tsoronki na kan hanya, don ya taɓa faruwa, kuma a nan Ingila. A shekarun 1970 da 1980 ana tace sinadarin ne daga jinin dubban mutane a haɗe wuri ɗaya. Mutum sama da 30,000 suka kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in C ta jini da magungunan da aka yi da jini, kusan 3,000 suka mutu, da yawansu masu himofiliya. Sai a watan Mayun 2024 rahoton binciken ya fito, firaminista ya nemi afuwa. Tun farkon shekarun 1990 aka fara haɗa sinadari na 8 a masana'anta ba daga jinin mutum ba. To ka ga Baban Walid, wannan ma ci gaba ne, kuma irinsa ake turowa.

Baban Walid: Ake turowa in an ga dama. Sadaka ba ta zama tsari. Ranar da ta yanke fa? Me ya sa inshorar lafiya ba za ta ɗauka ba?

Mai Gwajin Jini: Wannan kam ba ni da ja. Takan yanke.

Maman Ummi: Allah gafarta malam, ni akwai abin da ke damuna tun ɗazu. Wannan taɓa ƙwayar halitta da ake yi, ba canja halittar Allah ba ne?

Malam na Gangare: Hadisi ya inganta a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Abin da na fahimta daga bayanin Injiniya, ana gyara abin da ya samu naƙasu ne a jikin mara lafiya shi kaɗai, kamar yadda ake ɗora karaya. Wannan neman magani ne. Inda malamai ke tsayawa shi ne a taɓa ɗan tayi ko maniyyi ta yadda canjin zai bi zuriya. Wannan sai manyan majalisun fiƙihu, ba irina ba. Game da kaciya kuma, tunda na san za a tambaya: shari'a ba ta yarda a jefa rai cikin halaka ba. In likita ya ce a jinkirta har a samu maganin da za a ba yaro kafin a yi da bayan an yi, jinkirtawa ita ce daidai, ko da dangi za su yi surutu.

Injiniya daga Ingila: Ko su masu binciken sun yi tir da wancan. Wani masani a Sin da ya taɓa 'yan tayi a 2018, ɗaurin shekara 3 aka yi masa.

Ɗan Wanzamai: Na yi shiru ina karantawa. Yanzu na tuna babana yana da wata al'ada, kafin ya sa aska yakan tambayi tsohuwar gida ko "gidan masu jini" ne. In aka ce e, sai ya tattara zabirarsa ya ce a kai asibiti. Ni a zatona camfi ne irin na tsofaffi. Yaran yanzu da suka gaji sana'ar ba sa tambaya.

Sista Rifkatu: Babanka likita ne bai sani ba. Tambayar da likitan ya yi wa Maman Sadik ke nan, ba ƙari ba ragi.

Maman Sadik: Jama'a na gode, Allah ya saka. Jiya ban iya amsawa ba, muna asibiti. Sakamako ya fito, A ce, sun ce kashi 3 ne, matsakaiciya. An rubuta sunansa, an ba mu kati da zai riƙa yawo da shi, an ce in kai wa malaman makarantarsu su gani, kar a sake a yi masa bulala. Maigida ya karanta duk abin da kuka rubuta, shi da kansa ya je ya yi wa Hajiyarsa bayani, har da labarin sarauniyar. Ta ce ita ba ta san wata Biktoriya ba, amma dai ta aiko da kunu.

Sai dai ga wata sabuwa. Likita ya ce 'yan'uwana mata su ma a duba su. Ƙanwata da ke aure a Bukuru ta haihu shekaranjiya, namiji. Gobe da safe wanzami zai zo cire belu. Na kira ta tana kuka, ta ce ba ta isa ta hana ba, haihuwar fari ce, kuma gidan ba sa wasa da al'ada.

Sista Rifkatu: Kar a taɓa yaron nan! Cire belu ko ga lafiyayyen jariri ba shi da wani amfani, balle wannan. Jini a maƙogwaron jariri ɗan kwana uku, kafin a iso gari daga Bukuru an makara.

Malam na Gangare: Cire belu ba addini ba ne. In mijin zai saurare ni, a ba shi lambata ta gefe.

Baban Walid: Ina da mota. In za a je da asuba, ni zan kai.

Ɗan Wanzamai: Ku bar mini wannan. In Malam ya yi magana za su ce sun ji, su yi abinsu bayan ya tafi. Wanzaman Bukuru kuwa babu wanda bai san gidanmu ba. Yaya, turo mini sunan unguwar da sunan wanzamin ta gefe, yanzu kafin ya kwanta. Baban Walid, ka biyo ta Gangare bayan sallar asuba, ina bakin masallaci.